Minti Arba'in da Takwas

Shafi na 14

To masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika ce za ki zo har gida in na ƙara kwana uku shiru, na ga saƙonki, ki taho da kujerarki. Wanda bai san inda muka kwana ba: Kyaftin ta samu aikin da ta shekara bakwai tana bi, mataimakiyar matuƙin jirgin sama. Ita da mijinta Oga, wanda kafinta ne, sun tattara sun baro garinsu, suna raɓe a gidan Yayarta kafin su sami nasu.

"Oga, wallahi in na faɗi kai za ka je ka tuƙa musu jirgin."

"Ba za ki faɗi ba. Ɗaga ƙafa, akwai 'yar matakala."

Tafukansa biyu ya sa ya rufe mata ido, yana tura ta a hankali. Yaya na biye da su da makullin mota a hannu, tana mita.

"Kai ƙanina, yi a hankali da idon nan. Sai da likita uku suka haska shi kafin a ɗauke ta."

"To, buɗe!"

Kyaftin ta buɗe ido, sai bakinta ya bi sahu. Tsakar gida ne fetal, an share shi tas, ga bishiyar lemo a tsakiya ta yi 'ya'ya har rassan sun sunkuyo. Ga famfo a gefe, ga igiyar shanya, ga manyan tagogi masu labule. Abin da ya fi kashe mata jiki shi ne shirun wurin, ban da kukan tsuntsu ba ka jin komai.

"Wayyo Allah!" Ta yi tsalle kamar ba ita ce za a damƙa wa rayukan mutane a sama ba. "Yaya, kin ga lemo? Yaya, dubi taga!"

"Na gani, ai da idona na zo."

Da gudu ta faɗa ciki. Ta buɗe wannan ƙofa ta rufe waccan, ta kunna famfon kicin ta kashe, ta shiga ɗakin barci ta ja labule, duhu ya rufe ɗakin kirif. Daga ciki ta ƙwala kira.

"Oga! Nan ko da rana tsaka na dawo daga aiki zan yi barci har da minshari!"

"Ai shi ya sa na ce sai kin gani da idonki."

Ku tuna gidan da suka duba makon jiya a bayan filin jirgi: hawa na huɗu, babu lif, duk jirgin da ya tashi sai kofuna sun yi rawa a kan tebur. A bakin bene kuma an manna takarda, ba a buga guduma, ba a kunna inji. Da Oga ya karanta takardar nan, sai ya sa hannu a aljihu. Amfanin gidan ɗaya ne, minti goma ya kai ka ƙofar ma'aikata.

Kyaftin ta fito tana haki, ta tsaya gabansa ta ɗaga yatsa.

"Tsaya tukuna, kar daɗi ya kwashe ni. Sake faɗa min. Daga ƙofar nan zuwa filin jirgi?"

"Minti arba'in da takwas."

"Da agogo?"

"Da agogon hannuna, na danna a nan, na danna a can."

"Layin dogo fa?"

Ya sunkuya yana gyara igiyar takalminsa.

"Ni dai ko jirgin ƙasa ɗaya ban gani ba."

Ba banza ta yi wannan tambayar ba. Ranar farko a kamfani, matar da ke raba wa matuƙa aiki, wadda kowa ke kira Madam Jadawali, ta tara sababbi ta zare musu ido ta saman tabarau. Ta ce sabon matuƙi ba shi da jirgin kansa, zaman jiran kira yake yi. Waya na ƙara, minti sittin gare shi ya tsaya gabanta da hula a kai. Wata shida na gwaji, makara ɗaya, ka cire katin wuyanka ka ajiye mata a tebur. Sannan ta ƙara da cewa duk wanda ta kira ta ji kukan jirgin ƙasa a bayansa, ba ta ɓata bakinta, wani take kira, don ta san ba zai iso ba.

Yau Litinin, yau ce kuma ranar farko ta Kyaftin a jiran kira. Da ba za ta leƙo ko ƙofar gidan Yaya ba, Oga ne ya yi ta lallami, ya ce ai arba'in da takwas bai kai sittin ba. Shi ya sa kayan aikinta ke rataye a mota cikin leda, jakarta a but, wayar kuma a tafin hannunta tun asuba. Daga gidan Yaya ta bayan gari suka zagayo, ba su bi hanyar filin jirgi ba.

"Saura minti goma sha biyu ma na shan iska," ta ce, tana lissafi da yatsu. Sai ta tsaya tana shinshina. "Ƙamshin me nake ji haka?"

"Lemo ne."

"Oga, shekara biyar ina wanke rigunanka. Wannan ƙamshin katako ne."

Kafin ya tare ta har ta zagaya bayan gida. Wata doguwar rumfa ce mai ƙofar kwano. Ta tura ƙofar, ta tsaya cak. Ga injin yankan katakonsa an yaye masa tamfol. Ga teburin aikinsa mai tabon fenti, ga zartuna a jere a bango, ga gudumar nan mai shuɗin salatif a ƙota, wadda ko a cikin dubu za ta gane ta. Kayan da ya ce mata suna ajiye a shagon abokinsa.

"Lallai ma!" in ji Yaya daga bayanta. "Ashe mu ne baƙi, mai gida ya riga ya tare."

Kyaftin ta juyo a hankali.

"Ka sa hannu ke nan?"

"Ranar Alhamis." Muryarsa ta yi ƙasa. "Wasu na nema, na ji tsoro kar su riga mu."

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai idonta ya faɗa kan wani abu a lungu. Maratayi ne sabo fil, an goge shi sumul. A sama an yi masa wani ɗan zagaye daidai hularta, a tsakiya wurin rataye kwat, a ƙasa kanta daidai faɗin jakar aikinta, har da ɗan rami na ajiye katin wuya.

"A bakin ƙofa zan kafa shi," ya ce. "In an kira ki, hannu ɗaya za ki sa ki kwashe komai."

Ku gaya min, wace mace ce za ta iya faɗa bayan wannan? Hawaye ya cika mata ido, dariya kuma ta ƙwace mata, duk a lokaci guda. Mutumin nan ya rufe shagonsa, ya bar masu kawo masa aiki na shekara goma, ya biyo ta garin da bai san kowa ba, kuma ko sau ɗaya bai taɓa goranta mata ba.

"Kai dai ɓarawon zuciya ne," ta ce tana share ido. "Mun ɗauka. Yaya, mun yi gida!"

Yaya ta rangaɗa guɗa har tsuntsayen kan lemo suka watse.

Guɗar ce ta jawo mai gidan daga maƙwabta, wani dattijo mai farin gemu da tsohon agogo a aljihun gaba. Ya yi sallama, suka durƙusa suka gaishe shi.

"Wannan ce matuƙiyar? Masha Allah! 'Yata, ashe abokan aiki ne mu. Ke naki na sama, ni nawa na ƙasa. Shekara talatin da huɗu na yi a layin dogo."

"Allah sarki, Baba. Ai gidan ya yi, ga shi kusa da filin jirgi, minti arba'in da takwas kawai."

Dattijon ya karkata kunne.

"Nawa kika ce?"

"Arba'in da takwas, Baba."

Ya ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki.

"Ranar Lahadi ke nan, 'yata! Lahadin ma da sassafe, kafin kaji su sauko."

Oga ya fara tari.

"Baba, ko za mu je ka nuna min mitar wutan nan?"

"Bari, Oga." Kyaftin ba ta ko kalle shi ba. "Baba, ranar aiki fa?"

"Ranar aiki sai abin da jirgin kaya ya ce. Ai hanya ɗaya ce, dole ki tsallaka dogo, minti ashirin daga nan." Ya zaro agogonsa yana shafawa cike da alfahari. "Sha ɗaya da minti goma ake sauke sandar tare hanya. Tarago tamanin yake ja, wani lokaci ya tsaya a tsakiyar hanya ya yi ta ja da baya yana sauya layi. Minti ashirin da biyar in an ci sa'a. Da yamma ya sake dawowa. Lahadi ce kawai ba ya fita. Da shi nake saita agogon nan, bai taɓa ba ni kunya ba!"

Yaya ta kama hannun dattijon.

"Baba, zo ka nuna min lemon nan, mai zaƙi ne ko mai tsami?"

Suna fita Kyaftin ta tura ƙofar kwanon da ƙafa.

"Wace rana ka auna?"

"Kyaftin..."

"Wace rana?"

"Lahadi."

"Ƙarfe nawa?"

"Shida saura."

"Ka tsallaka layin dogo ko ba ka tsallaka ba?"

"Na tsallaka."

"Na tambaye ka ɗazu, ka ce min me?"

"Na ce ban ga jirgi ba." Ya kau da kai. "Kuma ban gani ba."

"Kar ka raina min hankali!" Ta matso gabansa. "Kai da ko ƙafar kujera sai ka ɗora mata tef sau uku kafin ka sa zarto! Rayuwata ce ka auna sau ɗaya, ranar Lahadi?"

Ya jingina da teburin aikinsa, ya ɗauki gudumar yana juya ta a hannu.

"Ranar ce kaɗai Yaya ba ta fita da mota. Wallahi na yi niyyar in sake ranar Litinin ɗin da ta wuce. Har na fito, har na tsayar da tasi."

"Sai me?"

"Sai na ji tsoron abin da agogo zai ce." Ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Kafin gidan nan, wata biyu ban riƙe gudumata ba. Ki tafi horo, in zauna a falon Yaya ina canja tasha. Na gyara mata duk ƙofar da ke gidan, har wadda ba ta lalace ba. Da na ga rumfar nan, sai na ji kamar an ce min kai ma mutum ne. Na ce a raina ai ba kullum za a kira ki daidai lokacin jirgi ba."

"Sau ɗaya ya isa, Oga. Sau ɗaya!"

"Na sani."

"Da ka gaya min. Da mun zauna mun nemi mafita tare. Ka san sau nawa aka ce min a'a kafin wannan? Ka san..."

Wayar ta ɗauki ƙara a hannunta.

Su biyun suka kalli fuskar wayar. Madam Jadawali. A saman sunan, ƙarfe goma da minti hamsin da biyu.

Kyaftin ta gyara tsayuwa kamar matar na ganinta.

"Ranki ya daɗe."

"Sabuwa, ranarki ta zo. Mataimakin jirgin sha biyu da rabi ya kwanta ciwon ciki. Kina da minti sittin."

"Ga ni nan, ranki ya daɗe!"

Ta kashe. Daƙiƙa ɗaya ta yi a tsaye, sannan ta ƙwala ihun da ya fi guɗar Yaya.

"An kira ni! Yaya, an kira ni! Zan tashi!"

Duk fushin ya bi iska. Shekara bakwai take jiran wannan kiran.

Oga ya riga ya fita a guje, ya dawo da ledar kayan. Ta fizga ta faɗa ɗakin barcin nan mai duhu. Shi kuma ya tsaya a tsakar gida yana ƙirga da ƙarfi.

"Baba ya ce sha ɗaya da minti goma. Saura goma sha takwas. In muka riga sandar, mun tsira!"

"Minti ashirin ne, yaro," in ji dattijon.

"Yau sha biyar ne, Baba."

Minti biyu ta fito. Farar riga, baƙin wando, zane biyu na zinariya a kowace kafaɗa, ɗankwali baƙi a ƙarƙashin hula. Dattijon bai san lokacin da ya ƙame ya sara mata ba.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Yaya malamar koyar da tuƙi ce, shekara goma sha biyar ba ta taɓa wuce ƙa'idar gudu ba, ko akuya ta gani a bakin titi sai ta kunna sigina.

"Yaya, ba ni makullin," in ji Oga.

"Kai? Kai da ka auna mana Lahadi? Shiga baya!"

Ta zauna, ta ɗaura bel, ta gyara madubi.

"Yaya, don girman Allah!"

"Auta, ni na goya ki." Ta sa giya. "Yau ɗalibaina su yafe min."

Motar ta zabura har allon makarantar tuƙi da ke kan rufin ya yi ƙara. Suka bar dattijon a ƙofar gida da lemo uku a hannu.

"Sha biyar!" Oga ya kira daga baya, idonsa a kan agogo.

Yaya ta sha kwana ba sigina. Ta wuce wata motar yashi ta gefen da take hana ɗalibai bi, tana wucewa tana ba direban haƙuri ta taga. Kyaftin na ɗaure igiyar takalmi, kanta na buguwa da gaban mota, tana dariya tana addu'a.

"Yaya, ashe kin iya!"

"Rufe min baki, zuciyata a maƙogwaro take!"

"Goma sha ɗaya!"

Wata motar kaya ta tsaya a tsakiyar titi ana sauke buhuna. Yaya ta danna hon, abin da Kyaftin ba ta taɓa jin ta yi ba tun da aka haife ta. Oga ya dire ya sungumi buhu biyun da suka tare hanya ya jefa gefe, ya dawo motar na tafiya ya faɗo ciki.

"Bakwai!"

"Kyaftin," ya ce yana haki, ya leƙo tsakanin kujeru. "In muka wuce, gobe zan kwashe kayana. Mu koma hawa na huɗun. Zan nemi shago a wani wuri."

"Ba yanzu ba, Oga."

"Ina so ki sani ne kawai."

"Na ce ba yanzu ba! Ƙirga!"

"Huɗu!"

Suka hau wani tudu, suna gangarowa sai ga shi can ƙasa: layin dogo yana ƙyalli a rana, ɗan ɗakin mai gadi, da sanda ja da fari a tsaye tana kallon sama. Motoci uku ne kawai a gabansu.

"A buɗe take!" Kyaftin ta buga gaban mota. "Yaya, a buɗe take!"

Ta farko ta tsallaka. Ta biyu ta tsallaka. Ta uku, wata tsohuwar akori-kura, ta yi tari sau biyu ta mutu a gabansu. Direban ya murɗa makulli, ta tashi, ta rarrafa ta haye.

Ƙararrawa ta fara kaɗawa. Jar fitila ta kama. Sandar ta taho ƙasa a hankali, kamar da gayya.

"Yaya, taka! Za mu shige!"

Ƙafar Yaya ta sauka, amma a kan birki. Motar ta tsaya, sandar ta kwanta a gaban gilashi, tazarar hannu ɗaya.

"Wannan kam ko za ki tsine min ba zan yi ba," in ji Yaya. "Gara a kore ki da ranki."

Ƙasa ta fara girgiza a ƙarƙashin tayoyi. Kyaftin ta dubi agogo, ta yi lissafin da ba ta so ta yi: ashirin da biyar a nan, ashirin da takwas a gaba, ita kuma arba'in da biyu suka rage mata.

Wayar ta sake ƙara.

"Sababbi sau biyu take kiransu," ta ce. "Ku rufe gilashi. Ku rufe duka!"

Suka murɗa gilasai da sauri. Na bayan, wanda ke gefen Oga, ya hau rabi ya cije. Ya danna shi da tafukansa biyu, ya ƙi motsi. Ya cire rigarsa ya toshe ramin, ya bi da bayansa ya danne.

"Ɗauka," ya ce. "Ki ce ni ne. Ki ce mijinki ne ya yi miki ƙarya."

Ta danna.

"Ranki ya daɗe."

"Sabuwa, babban matuƙin ya iso, yana tambayar mataimakiyarsa. Kina ina yanzu?"

Kyaftin ta dubi sandar. Ta dubi Oga a madubi, daga shi sai singileti, ya baje bayansa a taga yana ƙoƙarin tare ƙarar jirgi mai tarago tamanin da jikinsa. Ta buɗe baki.

Kan jirgin ya ɓullo daga kwana, ya saki wani dogon kuka da ya cika motar har kujeru suka amsa.

Ta cikin wayar ta ji an ajiye biro a kan tebur.

"Sabuwa," in ji Madam Jadawali a hankali. "Kukan me na ji yanzu?"